Ƙurar da Ba ta Lafawa

Bahaushe bai yi wa ƙura rowar suna ba. Manomin Tamawa, a ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, ba zai haɗa turɓayar da ƙafa ke nutsewa cikinta da ƙurar da garken shanu ya tayar ba, ba kuma zai kira hazon hunturu da sunan holoƙon kaka ba. Guguwa daban take, buji daban, haka ma ƙaiƙayin masussuka da ke hana mutum barci don susa. Ga toka, ga hayaƙi, ga kunkunniyar rufin madafa. Sai dai duk yawansu, ido ne ya raɗa waɗannan sunaye, ko fata, ko hanci. Abin da bai dushe rana ba, bai sa tari ba, bai ɓata farar riga ba, ba a yanka masa rago ba.

To, akwai sana'ar da duk aikinta ya tsaya a kan wannan ƙura marar suna. Ledar ƙarin ruwa da ake rataya wa majinyaci a Kurfi, da allurar rigakafin sanƙarau, da maganin da ake ɗiga wa tsoho bayan an cire masa yanar ido, duk ana ɗura su ne a ɗakunan da ake ƙirga ƙurar iskarsu. Abin da aka haɗiya sai ya bi ta ciki, inda jiki ke da masu gadi. Abin da aka tsira a jijiya kuwa kai tsaye yake shiga jini. Ana yin ƙarin ruwa a Minna da Ilorin da Ota, rigakafin dabbobi yana fitowa daga cibiyar Vom da ke can tun 1924, rigakafin sanƙarau da aka fara a Nijar a 2010, a Najeriya a 2011, daga birnin Pune na Indiya ya zo. Ɗalibin da ya tashi daga Tamawa ya shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma zai koyi wannan ilimi da Turanci, ya ci jarrabawa da Turanci. Amma ranar da ya samu aiki, mai goge daɓe da mai wankin kayan aiki da mai kula da injin iska, waɗanda lafiyar ɗakin ke hannunsu, da Hausa zai yi musu bayani. Sunan da ya zaɓa shi zai nuna musu abin da za su yi da hannunsu.

A fara da shi kansa abin da ake ƙirgawa. Ma'auninsa maikiron ne: a raba milimita gida dubu, a ɗauki ɗaya. Kaurin gashin kai yakan kai maikiron 50 zuwa 100, ido kuma yana gazawa a wajejen 40. Masu wannan aiki girma biyu suka fi sa wa ido, maikiron 5 da rabin maikiron. Mu mukan ce ƙura ta lafa in rigima ta kwanta, don mun saba ganin ta sauka. Ƙwaya mai maikiron 10 takan sauko tsawon mita ɗaya cikin minti biyar ko shida, in iska na tsaye. Mai rabin maikiron sai ta kwana ta wuni ba ta gama wannan tafiya ba, kuma motsin mutum ɗaya ya isa ya mayar da ita sama. Jira ba ya maganinta.

Da a ce ba a riga mu ba, da zarra za mu kira ta. Malaman tafsiri sun fassara kalmar da ƙaramar tururuwa, wasu kuma suka ce ita ce ɗan abin nan da ake gani yana yawo in hasken rana ya ratso ta taga. Wannan fassara ta biyu ita ce ainihin yadda na'urar ƙirga ƙura ke aiki. A shekarun 1870 John Tyndall, ɗan ƙasar Ireland, ya shafe cikin akwati da abu mai danƙo, ya rufe, ya bar shi kwanaki, sannan ya ratsa shi da haske: ba a ga hanyar hasken ba, don ba sauran abin da zai tarwatsa shi, kuma romon da ya ajiye a ciki bai lalace ba. Na'urar yau ta maye rana da leza, ta maye ido da ƙwayar lantarki mai jin haske. Iska na ratsa hasken, kowace ƙwaya ta yi ƙyalli ɗaya. Yawan ƙyallin shi ne adadi, ƙarfinsa shi ne girma. Amma gidajen rediyo da littattafan makaranta sun riga sun ba wa ƙwayar zarra wani aiki, ita ce tushen halitta da ake fasawa a samu makamashin nukiliya, alhali ƙura ɗaya mai rabin maikiron tana ƙunshe da biliyoyin irin waɗancan. Ɓarɓashi kuwa yana nuna abin da ya gutsuro daga wani babba, kuma ana iya share shi. Ni dai na fi natsuwa da ƙwayar ƙura, ko da yake ƙwaya ta sha kaya: ta hatsi, ta ido, ta magani, ta cuta, har da wadda ake zagin matasa da ita.

Kalmar da ta fi kowace haɗari ita ce tsabta. Turawa suna kiran ɗakin da sunan da ke nufin ɗaki mai tsabta, kuma in aka juyo shi haka, an gama ɓatar da ma'aikaci. Ɗakin amarya ma mai tsabta ne. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 14644, wadda aka fitar a 1999 aka sabunta a 2015, ba ruwanta da ƙyalli ko ƙamshi, lissafi take yi. A cikin lita 1,000 na iska, ɗaki mai aji 5 ba zai wuce ƙwayar ƙura 3,520 masu rabin maikiron zuwa sama ba. Aji 7 an yarda masa 352,000. Aji 8 kuwa 3,520,000. Aji 9, mai miliyan 35 da ɗoriya, shi ne kusan iskar ɗakin da mutane ke zama, ba ma a cikin hunturu ba. Tsohon tsarin Amurka na 1963, da aka yi ritayarsa a 2001, ya fi gaskiyar suna: aji 100 yake cewa, wato ƙwaya 100 a cikin iskar da ta cika akwati mai ƙafa ɗaya ta kowane ɓangare. Sunan da kansa yana faɗin adadin.

Mai karatun zaure zai ce ai muna da tsarki. Da gaskiyarsa ta wani gefe. Duk wanda ya durƙusa gaban malam da Ahalari ko Ishmawi ya san tsabta daban, tsarki daban: riga na iya yin dauɗar gona a yi salla da ita, wata kuma tana fara fat amma najasa ta taɓa ta. Ya san aikin da ake jerantawa, da abin da in ya faru sai an sake daga farko. Wannan tarbiyya ce ake nema ga mai shiga irin wannan ɗaki, inda hatta sa tufafi jeri gare shi, kuma taɓa fuska da safar hannu ya warware komai. Amma aron kalmar ba zai yiwu ba. A fiƙihu ƙasa mai tsarki ce, da ita ake taimama. A ɗakin ɗura allura ita ce abokiyar gaba. Ruwa kuma ana hukunta shi da launi da ɗanɗano da wari, saboda haka ruwan madatsar Zobe ya isa alwala, amma ba mai hankalin da zai tsira shi a jijiya. A bar wa malamai kalmarsu.

Fassarorin inji sukan kawo bakararre a wurin abin da aka raba da duk wani mai rai. A Latin asalin kalmar ta Turanci ke nan, abin da ba ya haihuwa, amma kunnen Bahaushe mace yake ji, ko saniya, kuma kalma ce mai ciwo. Tsofaffin ma'aikatan asibiti sun fi mu dabara, da suke cewa an dafa allura, an dafa almakashi. Har yau dafawar ake yi, a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 na tsawon minti 15 ko fiye, kuma mizanin shi ne kada yiwuwar samun mai rai ta wuce ɗaya cikin miliyan. Dafaffe suna ne mai kyau, kuma yana fito da bambancin da duk sana'ar ta dogara a kai. Ƙarin ruwa ana iya liƙe shi sannan a dafa shi da mazubinsa. Rigakafi kuwa zafi yana kashe amfaninsa, dole a ɗura shi ɗanye, kwalba a buɗe, na 'yan daƙiƙoƙi. A wannan ɗan lokaci ba abin da ke tsakanin maganin da cuta sai iska. Shi ya sa nake ganin sunan da ya dace shi ne ɗakin tatacciyar iska, aikin kuma ɗuri a killace.

Dabarar ta Willis Whitfield ce, wani masani a cibiyar Sandia ta Amurka, a farkon shekarun 1960: maimakon a yi ta shara, a sa iska tatacciya ta riƙa kwararowa ta fuska ɗaya ba tsayawa, tana wanke ɗakin. A yau saurinta a kan wurin ɗuri yana tsakanin mita 0.36 da 0.54 a daƙiƙa. A nan kam Hausa ta yi dace, don iska a bakinmu abu ne mai kaɗawa.

Abin da ke tace ta shi ake kira HEPA, wanda ke kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu maikiron 0.3. Baki yana saurin cewa rariya, kuma kuskure ne mai tsada. Rariya ƙofofi gare ta: abin da ya fi ƙofa girma ya tsaya, ƙarami ya wuce. HEPA tabarma ce ta siraran zaren gilashi a cukurkuɗe, kuma ratar da ke tsakanin zaren ta fi abin da ake kamawa faɗi. Manyan ƙwayoyi nauyinsu ke kai su su yi karo da zare, matsakaita su goge shi su maƙale, ƙanana ƙwarai kuwa rawar da suke yi cikin iska ita ke jefa su a kai. Abin mamaki, na tsakiya ne suka fi wuyar kamu, ba mafiya ƙanƙanta ba. Wanda aka ce masa rariya ce, ranar da ta toshe zai ciro ta ya kakkaɓe, ko ya wanke ya shanya ya mayar, don haka ake yi wa rariya. Daga ranar ta tashi aiki, ko da ido bai ga huda ba. Mataci ya fi, in an ƙara da cewa ba a wanke shi, sauyawa ake yi. A ƙasarmu kuma matatan gaba, masu tare babbar ƙura kafin ta iso gare shi, su ke shan wahalar hunturu daga Nuwamba zuwa Maris.

Sai awon kansa. Samfur, sunan Turanci na abin da aka ɗiba don gwaji, ya shigo Hausa ya sauya hali: in aka ce sabon samfuri, mota ko atamfa ake nufi. A asibiti kuwa ba mai cewa komai sai an ɗebi jini, an kai gwaji. To a ce ɗibar iska, na'urar kuma maɗebin iska, wadda ke ƙirgawa maƙirgin ƙura. Hausa ba ta taɓa rasa hanyar ƙera sunan kayan aiki ba, daga mabuɗi har magirbi. Yawancin maƙirgan nan lita 28.3 suke zuƙa a minti, adadin da ba shi da kan gado sai an san cewa awon ƙafa ne na Amurka aka juya zuwa lita. Da wannan sauri, ɗibar lita 1,000 na cin kusan minti 35.

Bakin maɗebin mazurari ne na ƙarfe marar tsatsa, yana kallon inda iska ke fitowa, kuma faɗinsa ba ado ba ne. Dole saurin iska a bakinsa ya yi daidai da saurin iskar ɗakin. In bakin ya yi ƙunci, zuƙar ta fi ƙarfi, iskar gefe ta karkato ciki da ƙananan ƙwayoyinta, manyan kuwa su zarce abinsu. Lissafi ya nuna ɗakin ya fi yadda yake kyau. In ya yi faɗi da yawa, iska ta kauce, manyan su faɗo ciki, a ɗaga hankalin mutane a banza. Ga iska mai saurin mita 0.45 a daƙiƙa da zuƙar lita 28.3, faɗin da ya dace bai kai santimita 4 ba. Sunan Girkanci da ake ba wannan ba abin da yake nufi sai sauri ɗaya, saboda haka mazurari mai zuƙa daidai da iska ya wadatar. Tiyon da ke bayansa ma ana so kada ya wuce mita ɗaya, kuma a rage masa lanƙwasa, don manyan ƙwayoyi a kwana suke maƙalewa. Wannan yana cikin ƙa'idar Tarayyar Turai ta haɗa irin waɗannan magunguna, wadda aka sabunta a 2022 ta fara aiki a Agustan 2023.

Wannan sabuntawa ta gyara wani suna da aka daɗe ana amfani da shi. A da, abin da maƙirgi ya ƙirga ana ce masa ƙwayoyi marasa rai. Yanzu an koma cewa jimillar ƙwayoyi, don leza ba ta san mai rai da matacce ba, ƙyalli kawai take gani. Hazon da ke rufe Katsina har jirage su kasa sauka misali ne mai kyau. Kaso mai yawa na ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, inda tsohon babban tafki ya ƙafe ya bar ɓawon ƙananan halittun ruwa. Gawarwaki ne, ba sa haihuwa, amma mai rai na iya hawa bayansu.

Gano mai rai sai da wata na'urar, kuma a nan ne matan Tamawa suka riga masu ilimi suna. Mai sheƙa tana zubo hatsi daga ƙwarya, iska ta kwashe ƙaiƙayi ta yi gefe da shi, tsaba ta sauka kai tsaye don nauyinta. Haka wannan maɗebi yake: yana zuƙo iska ta murfi mai ɗaruruwan ƙofofi, ta fito da gudu ta nufi faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, sai ta yi kwana, abin da ke da nauyi ya kasa kwanar ya dasu a kan abincin. Ariel Andersen ya fitar da irinsa a 1958, hawa shida, kowane hawa da ƙofa 400, ƙofofin suna ƙara ƙanƙancewa zuwa ƙasa, ta yadda kowane faranti ke kama girmansa. Na masana'antu yawanci hawa ɗaya ne, lita 100 a minti, minti goma a gama. Ko da murfinsa ya yi kama da rariya, aikinsa sheƙa ne, kuma wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa ba a wasa da saurin: in ya yi rauni ƙanana su tsere, in ya yi yawa a kashe abin da ake son kamawa da rai. Akwai kuma hanya mafi sauƙi, a buɗe faranti mai faɗin milimita 90 a ajiye har awa huɗu, abin da ya sauka ya sauka.

Daga nan sai a kai farantin ɗaki mai ɗumi na kwanaki. Kalmar Turanci ta wannan mataki ita ce kuma ake fassarawa da al'ada, ta ɗigon da ke fitowa kuwa ita ce ta mulkin mallaka. Duka biyun ba su da wurin zama a nan. Shuka aka yi, tsiro ake jira. Tsiro ma ya fi faɗin gaskiya, domin ɗigo ɗaya na iya fitowa daga ƙwayar cuta ɗaya ko daga curin goma da suka sauka tare, kuma wadda ba ta son abincin ba za ta fito ba ko tana nan. A ƙa'idar nan ta Tarayyar Turai, a wurin ɗuri, mai daraja ta A, ba a yarda da tsiro ko ɗaya ba. A daraja ta B an yarda da 10 a lita 1,000, ta C 100, ta D 200. Aibin hanyar shi ne jinkiri: kafin a ga tsiron, kwalaben sun daɗe da rufewa.

Daga ina mai ran yake zuwa, bayan an tace iska? Daga mutum. Fata kullum cikin zuba take, wanda ya ga ƙafarsa ta yi furu-furu da hunturu ya san haka, kuma mai tafiya yana watsa miliyoyin ƙwayoyi a minti. Shi ya sa sana'ar ta karkata ga fitar da mutum gaba ɗaya: akwatin ƙarfe da gilashi a rufe ruf, a turara cikinsa da tururin sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, inji ya yi ɗurin. Muna ce wa injin mutum-mutumi, sunan da ya ambaci mutum sau biyu alhali don a rabu da shi aka kawo abin, kuma ba kai gare shi ba, ba ƙafa. Hannun inji ne, a kira shi haka. Wannan killacewa ta sauya ƙirar maɗebin: dole jikinsa ya jure tururin, famfonsa ya zauna a waje, iskar da ya zuƙa kada ta dawo ciki, kuma a kafa bakinsa kusa da buɗaɗɗiyar kwalba ba tare da ya tare mata iska ko ya shiga hanyar hannun injin ba. Farantin kuma yana bushewa, sai an sauya shi, kuma kowace sauyawa ƙofa ce ga abin da ake gudu.

Don haka aka ƙero wani sabon maƙirgi da ke neman gane mai rai nan take. Yana haska ƙwaya da leza mai launin shuɗi-shuɗi, sinadaran da ke cikin halitta mai rai su mayar da wani haske na daban. Masu shi ba su yarda su kira abin da yake ƙirgawa tsiro ba, don ba abin da ya tsira. Sabon suna suka ba shi mai nufin abin da ya yi ƙyalli da kansa, kuma adadinsa yakan fi na faranti, har yanzu ana muhawarar yadda za a daidaita su. Wani ɓangare na rarar ƙwayoyin cuta ne na gaske da ba sa tsira a faranti. Wani ɓangaren kuwa yaudara ce: ɗigon sinadarin goge-goge yana ƙyalli, wasu robobi suna yi, haka ma garin furen tsirrai, irin wanda bununin gero ke saki da damina.